Supa gulu da ɗakin da ba taga

Assalamu alaikum. An daɗe ba a ji ɗuriyata ba. Masu cewa Maryam ta yi kuɗi ta manta da mutane, ku yi haƙuri. Ba kuɗi na yi ba, numfashi nake nema.

Ga wanda bai san aikina ba: akwai Turawa masu wasa da ƙananan sojojin roba a kan tebur, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. A warwatse suke zuwa cikin kwali, kai daban, hannu daban. Wanda ba shi da lokaci sai ya kawo wa ogana, mu yanke, mu kankare ɗan layin da injin ya bari a jikin robar, mu haɗa, a miƙa wa masu fenti. A wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa muke yi, nan Bronx, kusa da Grand Concourse.

Ina son aikin, kuma hannuna ya iya.

Da oda ta yi yawa, oga ya ce gam ɗin da muka saba yana jinkirin kamawa. Ya kawo supa gulu da wani feshi mai busar da shi nan take. Kankara da wuƙa ma ya ce a bari, ya sayo ɗan injin goga. Aiki ya yi sauri, ba ƙarya. Amma ɗakin ba taga, fankar da ke fitar da iska kuma ta mutu tun kafin in zo. Na yi magana, ya ce za a gyara. Na nemi takunkumi na kirki, ya miƙo min na takarda.

Da atishawa aka fara, sai tari, sai ƙirjina ya riƙa fito kamar usur. Ranar hutu in ji sauƙi, Litinin ta dawo da ni gidan jiya.

Gwaggona ta Soundview ta ce ai dole, wanda ya wuni yana haɗa gumaka me ba zai gani ba? Ta ce aljanu ne. Ta zo ta turnuƙe min ɗaki da hayaƙi, na yi tari har na durƙusa, tana cewa alhamdulillahi ga su nan suna fita. Maigidana, Sani, shi ya buɗe ƙofa ya fitar da kaskon.

A matakalar tashar jirgin ƙasa na layin D na faɗi, da rana tsaka. Ina jan iska, ba ta wuce maƙogwaro. Mutane suna ta tsallake ni. Wata baiwar Allah 'yar Ghana ce ta riƙe kaina tana cewa, "Sista, kar ki kulle ido, kalle ni." Ita ta kira motar asibiti. Ko sunanta ban sani ba.

Aka sa min oksijin, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Kullum da safe a kawo wani bututu a ce in hura da iya ƙarfina. Ina hurawa ina kuka, don ni kaina na ji ba abin da ke fita. Ban taɓa tunanin mutuwa da gaske ba sai a gadon nan, ina kallon Sani yana yi min murmushin da bai kai zuci ba.

Likitar huhu ce ta fara tambayata wane aiki nake yi. Ta sa Sani ya nemo mata hoton kwalaben. Ta ce asma ce, kuma gam ɗin da feshin ne suka jawo ta. "Kika koma ɗakin nan, nan za ki dawo," in ji ta, "in kin yi sa'a."

Oga ya kira ni ina kan gadon. Bai ce ya jiki ba. Ya tambayi yaushe zan gama odar da na bari. Da na faɗa masa abin da likita ta ce, sai cewa ya yi ƙila daga ƙasarmu na zo da ciwon.

Daga ƙasarmu. Ni da nake hawa bene da buhun shinkafa kafin in san shi.

Inshora ba ta biya duka ba, sai da na sayar da awarwarona. Ban damu da su ba. Abin da ke ƙona min rai, gyaran fankar nan bai kai kuɗin sojoji kwali guda ba.

Yanzu na samu sauƙi, alhamdulillahi, sai dai abin shaƙa ya zama abokin tafiya har abada. A gida nake aiki, a bakin taga, da masu oda kaɗan. Na koma wa wuƙata da gam na da.

Sani, Allah ya biya ka. 'Yar Ghana, in wannan ya iso gare ki, Allah ya tsare miki naki. Gwaggo, na yafe, amma kar a ƙara.

Masu irin wannan aiki, ku ji. In sauri kuke so, ku yanke duka lokaci guda, ku kankare duka, sannan ku haɗa, kuma ku riƙa canza reza kafin ta dakushe. Kar ku yi feshi inda iska ba ta fita. Ku sayi takunkumi mai tace iska. In tari yana lafawa ranar hutu, ku gaya wa likita aikinku ko bai tambaya ba.

Akwai wata da na bari a ɗakin nan, 'yar Maraɗi. Jiya a waya na ji ƙirjinta yana fito irin nawa, tana ce min sanyi ne.

'Yar uwa, na san kina karantawa. Gobe zan tsaya a bakin ƙofa. Ba zan sauko ba, ke za ki hawo, mu tafi asibiti.