Ƙanwar Jimina

Mu ba mu da murhu a hawa na tara. A unguwarmu ta Minguettes, a gefen birnin Lyon na Faransa, abin da muke zagayewa shi ne 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai waya biyu, ɗaya ta daɗe da mutuwa, ɗayar tana yin ja kamar garwashi. Bayan sallar isha Kaka takan jawo ta kusa da ƙafafunta, ta ajiye carbi, ta ce, "Ga ta nan ta taso daga Damagaram, ku buɗe mata ƙofa." Ni da Yaya Lawali mu amsa, "Ta shigo ta sha ɗumi."

Mu uku ne a gidan. Baba ya rasu, Inna kuma tana sharar ofisoshi a Paris, sai ƙarshen wata muke ganinta. Kaka ba ta jin Faransanci, saboda haka duk takardar da ta shigo gidan ni ce mai karanta mata. Shekarata goma sha ɗaya, ba ni da surutu, har Kaka ta sa mini suna Shiru-shiru. Yaya kuwa duk unguwa an san ƙafarsa ta hagu. Yakan saurari tatsuniya yana goge takalman ƙwallonsa da tsohon buroshin haƙori, yana bin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya.

A cikin tatsuniyoyinta akwai ta Jimina, wadda na sani tun ina ƙarama. Tsuntsaye suna zuwa wurin tsohuwar Shamuwa koyon tashi sama. Jimina takan raka su har bakin hanya, sai ta kauce ta tafi tsere da barewa, ana tafa mata. Wata shekara kogi ya cika ya ci gari. Kowa ya buɗe fiffike ya haye. Jimina ta riga kowa isa bakin ruwa, a nan ta tsaya.

Shekarar da Yaya ya shiga lise, wato babbar sakandare, takardar sakamakonsa ta farko ta zo. Kaka ta miƙo mini. Na ga lissafi huɗu bisa ashirin, na ga inda malamai suka rubuta cewa ba ya zuwa aji. Na ɗaga kai. Yaya yana tsaye bayan kujerar Kaka, ya haɗa tafin hannuwansa yana roƙona ba tare da ya ce komai ba.

"Sun ce yana ƙoƙari," na ce.

Kaka ta juya takardar gaba da baya. "Duk wannan rubutun, kalma biyu ke nan? Faransanci akwai ɓarnar tawada." Ta sa hannu, ta dubi Yaya. "Angona, to a ƙara."

Haka na yi shekara uku. Kowace takarda na sassauta ta kafin ta isa kunnen Kaka.

A sanyin shekarar farkon ne Kaka ta dawo da tatsuniyar Jimina, har Yaya ya ce, "Kaka, tsuntsun nan bai gaji da gudu ba?" Ta ce, "Kai ka gaji?" Amma yanzu Jimina tana da ƙanwa, 'yar Tsada. Kullum da yamma uwarsu takan tambaye ta, "Yayarki ta je wurin Shamuwa?" Tsada ta ce ta je, don tana son yayarta, ba ta so a yi mata faɗa. Idan Kaka ta kawo nan sai ta tsaya ta gyara mayafi, ta daɗe tana gyarawa. Ni kuma in ƙura wa jar wayar nan ido.

Da Yaya ya kai ajin ƙarshe, aka kira shi gwaji a Paris. Masu nema wa wata jami'a ta Amurka 'yan wasa ne suka zo, karatu da wurin kwana duk kyauta. Inna ta bar aiki ranar ta je kallo. Ya ci ƙwallo biyu. Ya dawo Lyon da wata hula da suka ba shi, ya ɗora wa Kaka a kan ɗankwali, ta ce a cire mata wannan kwanon. Ban taɓa ganin ta yi dariya kamar ta ranar ba.

Sai suka nemi takardunsa na shekara ukun. Ashe jami'ar tana da makin da ba ta ɗaukar kowa ƙasa da shi, ko da ƙafarsa ta zinariya ce. Mai horar da su Yaya ƙwallo ya buga waya, ya rubuta wasiƙa, bai yi amfani ba. Amsar ta zo a takarda, kuma ni aka miƙa wa. Wannan karon na karanta ta duka, layi bayan layi. Yaya ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Yau dai Faransancin ya yi tsawo." Ta ɗauki buta.

Daga ranar ba ta sake yin tatsuniyar Jimina ba. Bayan shekara biyu ta rasu.

Yanzu Yaya yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito a Vénissieux, garin da unguwarmu take, ranar Lahadi yana buga wa ƙungiyar unguwa. Ni ce na shiga jami'a a Paris. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, yakan ce shi ya roƙa.

Na daɗe ina zaton da shi Kaka take a tatsuniyar nan. Sai wata rana a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tuna cewa Jiminar da na sani tun ina ƙarama ba ta da ƙanwa. Sai bayan takardar farko Tsada ta shigo. Kaka ba ta iya karanta kalma ko ɗaya ba, amma ta iya karanta fuskata. Ba ta so ta tona ni a gaban yayana, sai ta bar mini wuri a tsakiyar labarin, ta tsaya tana gyara mayafi, tana jiran in buɗe baki. Shekara uku tana jira.