Mai Buta da Hantar Gada

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mafarauci ne. Mai Buta abokansa suke ce masa, don ba ya shiga daji sai da buta da guntun sabulu. Wuƙaƙensa biyu: ta fata ba ta taɓa nama. Idan ya yanka dabba, a reshe yake rataye ta, ya wanke hannu, ya farke cikin a hankali kada tumbi ya fashe. Hanta yake fara dubawa. In ya ga farin ƙurji, dabbar duka yake binnewa, ko da ba ko ƙashi a tukunyarmu.

Amininsa Dogo yakan tsokane shi, "Wai fiɗa kake ko wankan jariri?"

Shi kuma ya ce, "Kai dai ci gaba da goge wuƙa a wando."

Da girma ya zo, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ajiye bindiga ya koma tarko. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Sai ya soma kawo hantar daban a leda, wai in ga kyanta. Na gane. Nakan kai ta bakin ƙofa wurin haske, in juya, in ce, "Lafiya lau, Malam."

Wata rana, bayan ya daɗe bai kama komai ba, ya shigo da gada a kafaɗa yana haki, bakinsa har kunne. Har ya aika 'yarmu ta kawo jikoki. Na juya hantar, sai ga ƙuraje farare a ƙasanta. Na tsaya ina salati a zuci. Na san in na faɗa, ba gadar kaɗai zai binne ba.

"Uwar yara, shirun ya yi yawa."

Na kamo yatsansa na ɗora a wurin. Ya daɗe yana shafawa.

"Na duba ta a daji, ban gani ba," ya ce. "Miƙo min fartanya."

A bayan gidanmu ya binne gadar. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu da wuƙaƙen. Ta naman ya ba ni, ta fatar ya aika wa Dogo haɗe da sabulun. Jikoki suka ci abinci ba nama, yana ta ba su dariya.

Bai sake shiga daji ba. Butar ta koma ta alwalarsa. Yanzu ni nake yi da ita.