Bi Mwanakombo da Ruwan da Bai Nuna Ba

Kowace safiya, kafin masu tuyar mahamri, fanken garin, su sauke kasko, Bi Mwanakombo ta riga ta buɗe gidan kifin Msambweni. Sai ta goge gilashin babban tankin, ta ɗebi ruwansa a 'yar kwalba, ta ɗiga magani ta ɗaga wa haske. In ya yi rawaya, lafiya. In ya yi kore, akwai dafi. Shekara da shekaru aikinta ke nan, a gidan da ake kawo 'yan makaranta, 'ya'yan masunta waɗanda ba su taɓa ganin kifi ba sai a kan tire.

Bara da damina tankin ya tsage. Aka kwashe kifayen a robobi, shugaban gidan, Bwana Chengo, ya tafi Mombasa neman sabo. Matan unguwa suka zo taya aiki kamar yadda ake yi ran biki ko rasuwa. Ita tana can ciki tana fama da kifaye, su kuwa suka tattara duwatsun tankin da yashinsa suka dirje da sabulu da ruwan famfo, suka shanya a rana tas.

To, a jikin duwatsun nan ne wasu halittu da ido ba ya gani suke zaune, su ke cinye ƙazantar kifi kafin ta zama dafi. Sabon tanki ba shi da su. Shi ya sa ake barinsa makonni ba kifi, a jefa guntun jatan lande ya ruɓe a ciki, har halittun su hayayyafa. A nan ake cewa ruwa ya nuna. Da duwatsun na nan da ransu, da abin ya zo da sauƙi.

Da Bi Mwanakombo ta fito ta ga duwatsun fari fat a kan tabarma, wata ta ce, "Yaya, kin ga yadda muka fitar miki da su? Ke dai ƙazama ce, shekara nawa ba wanki!"

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannunku da aiki. Allah ya saka." Ba ta taɓa gaya musu abin da suka kashe ba. Wallahi ni da ba zan iya ba.

Kifin da ya daɗe a tanki ba ya rayuwa in aka mai da shi teku, roba kuma ba wurin zama ba ce. Da sabon tankin ya iso, dole aka zuba su a ɗanyen ruwa. Hanya ɗaya ta rage: kullum a rage ruwan tankin a zuba sabo, har ya nuna. Motar ruwa ta fi ƙarfin gidan. Sai Bi Mwanakombo ta ɗauki jarka. Ba ta ɗiba sai teku na cikowa, kuma sai ta shiga har gwiwa, ta wuce dattin bakin gaɓa.

Tana da ciwon suga, ga wani ƙaramin gyambo a tafin ƙafa. 'Yarta Mishi ta tare ƙofa.

"Mama, likita ya ce kada ƙafar nan ta jiƙe. Kifi ne fa. A kasuwa ma akwai su."

"Na kasuwa sun san ni ne? Matsa, teku ba ta jiran mutum."

Bwana Chengo ya taya ta ranakun da ya samu, masunta ma sukan ɗauko mata jarka ɗaya ko biyu, amma kowa da nasa aikin. Kwalba ta yi ta nuna kore. Da safe takan tarar da wani kifi a saman ruwa yana haki, wani a ƙasa ya kife. Ta tsame shi da hannu. Abin tausayi, wajen rabinsu haka suka tafi.

Ranar da kwalbar ta yi rawaya, Bwana Chengo ne ya gani. Ita tana asibiti. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ke ce, Bi Mwanakombo, uwar marasa murya. Ke kika tsaya tsakanin su da dafi har ruwa ya nuna. Yara na shiga yanzu suna manna hanci a gilashi, ba wanda ya san sunanki. Ba na cewa kin yi daidai da kika ƙi jin Mishi, raina na ɓaci duk lokacin da na tuna. Amma laifin namu ne. Gari guda, aka bar mace ɗaya da jarka.

Mun gode, Allah ya ba ki lafiya. Ku kuma jama'a, ku yi koyi da riƙon amanarta, amma in kun ga mai irin wannan riƙo, ku kama masa tun ƙafarsa na nan. Har yau ba ta ga kifayen da ta ceta ba, don matakalar gidan ta fi ƙarfin sanda. Mutum huɗu za su iya hawa da ita a kujera. Ni ne na ɗaya, ina jiran uku ranar Juma'a bayan an sauko.