Abin da Mai Mita Ya Rubuta a Gefen Shafi

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi shekara talatin tana guga a wani shagon wanki da ke bayan tashar bas. A tsaye take wuni, tururi na dukan fuskarta, har jijiyoyin ƙafafunta suka fito ruɗu-ruɗu. Mijinta kuwa gida-gida yake bi yana karanta wa kamfanin wuta mita, shi ya sa unguwa ta sa masa Mai Mita. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya yawo. Kowa cewa yake Gwaggo ta yi dace. Ita kuma sai ta ce, "Ƙwarai kuwa. Na auri kujera mai numfashi."

Littattafan zane ne suka cinye shi, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna, maganar kowa a cikin 'yar da'ira saman kansa. Kuma ba kowanne ba, sai na jiragen da ke ratsa taurari da mutanen ƙarfe masu magana. Duk wata sai ya sayo sabo. In ya dawo aiki da yamma, ya cire takalmi, ya zauna bakin taga da biro a bayan kunne, ya kunna kaset. Waƙa ɗaya ce tal, ta wata mata mai siririyar murya, da harshen da su biyun ba wanda ke ji. In ta ƙare ya mayar da ita farko.

Wannan waƙar ce kaɗai Gwaggo ba ta taɓa jin haushinta ba. Ranar da ya fara kawo rigarsa shagon, ita ke tashi a rediyo. Ya tsaya cak har ta ƙare, idonsa na wajen teburin guga. Don haka Gwaggo ta ɗauka waƙarsu ce. Bai taɓa faɗa ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Zuciya ce ta buga masa a kan matakalar wani bene, ya rasu nan take da littafin aiki a hannu. Ya bar mata 'ya ɗaya da ta riga ta yi aure, da kwali goma sha ɗaya na littattafan nan, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a saman kabad. Ni aka turo in taya ta kwashewa.

"Ki zuba su waje," ta ce. "Beraye ma sun gaji da su."

Na buɗe ɗaya don in karkaɗe ƙura, sai na ga rubutu a gefen shafi, ƙanana kamar tururuwa, da kwanan wata a sama. Na karanta mata: "Yau kare ya yaga min wando a gida mai koriyar ƙofa."

Ta fizge littafin, ta sa tabarau. Ta buɗe wani. "Wannan matuƙin maƙaryaci ne, ban yarda da shi ba." Ta buɗe na uku. "An haifi yarinya. Kunnena ta ɗauko, Allah sarki." Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a kan kwali, sannan dariyar ta koma kuka.

"Ashe yana magana," ta ce. "Ke, mayar da su ciki."

Daga ranar ta shiga karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɓoye min dalili ba: kanta take nema. Takan tafi shago da biyu a jaka, in an tashi hutun rana ta zauna kan baro tana bin layi da yatsa, don karatun nata ba mai sauri ba ne. Sai labarin ya kama ta ba shiri. Na wata mata ce da ake kira Kyaftin, mai tabo a goshi, wadda jirginta ya ɓace a tsakanin taurari, tana ta neman hanyar gida da mutanenta. In na je gaishe ta, kafin in ajiye jaka ta fara.

"Matar nan ba ta da hankali. An ce mata kar ta sauka a jar duniyar nan, ta sauka."

Wanda ta fi so wani ɗan mutumin ƙarfe ne da ke yi wa 'yan jirgin girki da wanki, ba mai ce masa sannu. "Wannan ɗan'uwana ne," in ji ta.

Wata biyar ta yi tana karatu. Ta san duk ranar da gwiwarsa ta dame shi, da sunan da ya laƙaba wa shugabansa a ɓoye, da yadda yake tsoron ranar ritaya. Game da ita kuwa, abin da ta samu bai wuce iri biyu ba, ana ta maimaita su: "An kira ni cin abinci." "An ce in rage kaset."

"An," ta ce min, tana nuna kalmar da farce. "Shekara ashirin da tara sunana An. Kare ma ya samu koriyar ƙofa."

"Gwaggo, wataƙila kunya ce. Kin san mazan da."

"Kunyar wa? Takarda?"

Kwalin da ke saman kabad shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi tsufa. Ina nan ranar da ta buɗe shi. A cikin wani littafi mai yagaggen bango akwai hoton Kyaftin tsaye bakin tagar jirgi, ta juya baya. A gefe ya rubuta: "Duk sanda na ji waƙar nan a rediyo, muryar Kyaftin nake ji. Dole in nemi kaset ɗin." Gwaggo ta dubi kwanan watan. Shekara biyu ne kafin ya taɓa taka shagon wankin.

Ba ta yi kuka ba. Ta cire tabarau, ta naɗe shi, ta ce in je in kira mai sayen tsofaffin takardu. 'Yarta ta zo a guje tana roƙo.

"Mama, ki bar min ko ɗaya, rubutun Baba ne."

"Ɗauki wanda aka haife ki a ciki. Ke kina ciki ai."

Sauran aka loda su a amalanke, har da kaset ɗin.

Yanzu Gwaggo tana zaune a gidan 'yarta, kwana uku take zuwa shago a mako saboda ƙafa. Kwanakin baya na wuce ta wajen mai jarida, na ga ashe har yau ana buga labarin. Na sayo mata sabo, ina ganin na yi abin kirki. Ta daɗe tana kallon bangon littafin, ba ta karɓa ba.

"Sun isa gida?" ta tambaya.

"Ban karanta ba, Gwaggo."

"To tafi da shi." Ta juya tana ninke kayan jikokinta. Na kai bakin ƙofa, sai ta sake magana, ba tare da ta ɗago ba. "Kin san abin da ya fi ƙona min rai? Ina tsaye ina guga, sai in kama kaina ina tunanin matar nan, ko ta samu hanya. Ni ma sai da ta shiga kaina."

Na bar littafin a kan benci a tashar bas.