Wanda Ya Ɗaura Shi Ke Fara Hawa

Ranar wata Talata ce cikin goman farko na azumi, shekarar da nake aji uku, muna dawowa daga makaranta rana tsaka muka tarar da motar kwando ta kamfanin wuta a bakin layinmu, inda ya haɗu da Titin Koudoukou. Kafin ranar, iskar hadarin farko ta karya reshen mangwaro ya faɗa kan turken wuta, wayar unguwarmu ta tsinke, turken kuma ya tsage ya karkace, har ba mai iya jingina masa tsani. Muka jefar da allunanmu a gindin katanga muka tsaya kallo. Can sama cikin kwandon, da hular kwano a kansa, Tonton Gaston ne, wato Kawu Gaston, aminin babana, mutumin Miskine, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu. Ya hango ni ya ɗago mini hannu, ni kuwa kaina ya kumbura a gaban ƙawayena. Hannun motar na cikin miƙewa sai muka ji ƙara kamar an fasa leda, mai ya tsarto ya yi mana feshi a riguna, kwandon ya yi ta sulalowa ƙasa yana rawa. Tonton ya sauko lafiya, ya goge fuska da bayan hannu, ya dube ni ya ce da Hausarsa mai gargada, "Zulai, je ki ce da babanki tiyo ya fashe."

Babana, Malam Isa, sana'arsa ke nan. Duk unguwarmu ta Kilomita Biyar da mai fileksibil aka san shi, wato mai gyaran tiyon man da ke ɗaga hannun manyan motoci. Garejinsa rumfa ce ta kwano a ƙofar gidanmu, da teburin ƙarfe, da wani tsohon bokitin fenti cike da rakor, ƙarafan nan da ake ɗaurawa a bakin tiyo. Rakor ɗinsa masu kwancewa ne, gida biyu, yana ce musu uwa da ɗa. In tiyo ya fashe kusa da baki, sai ya kwance rakor ɗin ya wanke shi da kananzir, ya yanke wurin da ya lalace da zarto mai ƙananan haƙora, yanka miƙaƙƙe, ya hure cikin tiyon tas. Daga nan ya danne uwar a maƙatar teburinsa, ya murɗa tiyon cikinta ta hagu har ya tsaya, ya ɗan dawo da shi baya, ya shafa wa ɗan mai ya murɗa shi ta dama da sifana, ya bar tazara kamar kaurin farce. Yana yi yana cewa, "Uwa hagu, ɗa dama, in ka sa su hanya ɗaya faɗa za su yi." Akwai rakor ɗin da ya girme ni a cikin bokitin nan, kuma Baba ya san kowanne da motar da ya fito daga jikinta.

Mu yara mun ci moriyar garejin ta wata hanyar. Guntayen tiyon da ya yanke su ne kayan wasanmu: mu yi tarho da su daga ɗakin girki zuwa bayan gida, mu yi wa igiyar tsalle mariƙi, mu shayar da kuɓewar da Inna ta shuka kusa da rogo a bayan rijiya. Amma wasa sai an gama aiki, domin Inna ba ta san wasa ba. Sana'arta ƙanƙara da kunun aya, tana da wani tsohon firiza mai gurnani da take ji da shi fiye da zannuwanta. Da safe kafin makaranta mu jawo ruwa, mu yanka ganyen koko na miya siriri har yatsa ya yi ciwo, da yamma mu zauna ɗaurin leda. Ko a lokacin wuta zuwa take ta tafi, amma ɗan abin da ake samu yana isa ledoji su daskare. In azumi ya faɗo cikin zafi kuwa, ai kakar Inna ce ta yanke saƙa. Tun la'asar ake layi a zaurenmu.

Baba yana da wata ƙa'ida da duk direbobi suka sani. Kowane tiyo ya ɗaura wa motar kwando, shi ke fara shiga kwandon a ɗaga shi har ƙarshe, a juya shi hagu da dama, sannan ya sauko ya ba mai aiki wuri. Ba wanda ya sa shi. Yakan ce, "Wanda ya ɗaura shi ke fara hawa." Mu kuwa dariya muke, don Baba mutum ne mai tsoron bisa, ko mangwaro ba ya hawa. Yana shiga kwandon zai runtse ido, leɓensa na motsi da addu'a, jallabiyarsa na kaɗawa, Tonton Gaston a ƙasa yana tsokanarsa da Sango, yaren gari. Abotarsu ta daɗe. Duk Sallah Tonton yana cin tuwo a gidanmu, duk Kirsimeti matarsa na aiko mana da abinci a kwanon da ta keɓe mana, naman ma daga mahautan unguwarmu take sayowa.

To, a wannan karon tiyon a tsakiya ya fashe, kuma an riga an datse bakinsa sau da yawa har ba sauran abin datsewa. Ba kuma kowane tiyo ke zama a wurin ba. Baƙin tiyon da ya cika shaguna waya ce saƙe a cikinsa, yana da ƙarfi, amma wuta na bin sa. Na saman hannun motar ruwan goro ne, zare ne a cikinsa, shi ke raba mutumin kwando da ƙasa. Wayar layinmu ta mutu, amma babbar wayar da ke samanta a kan turken tana da rai, ba a kashe ta don ita ke kai wuta cikin gari. In aka sa baƙi, hannun motar ya kuskura ya shafi babbar wayar nan, na cikin kwando ya gama yawo. Baba ya zaga Koudoukou shago shago, ya leƙa unguwar Yakité, ya shiga cikin gari, ruwan goro ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Motar ke nan guda da kamfanin ke da ita mai tafiya, aka jawo ta aka ajiye a ƙofar gidanmu, unguwa kuma ta zauna ba wuta.

Wallahi mun sha surutu. Motar na tsaye a ƙofarmu, kowa ya wuce sai ya yi tsaki. Masu injin niƙa, masu walda, teloli masu ɗinkin Sallah, duk suka ɗora wa Baba laifi, wai tiyo tiyo ne, baƙi da ja duk mai suke ɗauka. A bakin famfo yara suka sa mini suna 'yar mai hana wuta, na yi dambe da wata har ta yaga mini ɗankwali. A cikin gida abin ya fi muni. Firizar Inna ta yi shiru, ruwa na ɗiga daga gindinta, kunun aya ya yi tsami aka zubar. Inna ba ta ɗaga wa Baba murya, amma in ta ajiye masa kwanon buɗa baki sai ka ji ƙarar har zaure. Na ji ta tana faɗa wa maƙwabciya cewa taurin kan Malam ko jaki albarka. Ni ma haushinsa nake ji, ba zan ɓoye ba. Yarinya mai ƙishirwa ina ruwanta da launin tiyo.

Ana cikin haka wata la'asar sai ga Tonton Gaston da nannaɗaɗɗen baƙin tiyo a kafaɗa. Ina zaure ina tsince shinkafa, Inna na bayan labule, duk abin da aka yi a kunnenmu. Ya ajiye tiyon a kan teburin ya ce manyansa sun matsa masa, mutanen gari sun matsa wa manyansa, shi kuma ya gaji da zagi. Ya ce shekara nawa yana wannan aiki bai taɓa shafar babbar waya ba, aikin ɗan lokaci ne, a sa baƙin ya gyara ya sauko. "Isa, ni zan hau, ba kai ba. Raina ne." Baba bai yi gardama ba. Ya auna tiyon, ya yanka, ya ɗauko uwa ya murɗa ta hagu, ya shafa wa ɗa mai ya murɗa ta dama, a natse kamar kullum. Da ya gama ɗaura wa baki guda rakor sai ya ajiye sifana, ya ɗauki buta ya yi alwala, ya dawo yana warware hannun riga. Ya ce, "Gaston, ka san ƙa'idar garejin nan. Gobe in mun kai motar, ni zan fara hawa. Kuma ba a fili za ka ɗaga ni ba, wurin aikin za ka kai ni, ƙarƙashin babbar wayar, inda za ka tsaya. Kai ne za ka riƙe sitiyarin hannun."

Na ji shinkafar ta tsaya mini a hannu. Labule ya motsa. Tonton ya daɗe yana kallon Baba, Baba yana kallon ƙasa. Ni na san tsoron bisa irin na Baba, kuma na san in ya faɗi magana ba ya janyewa, shi ma Tonton ya sani. Sai na ga ya miƙa hannu ya ɗauki sifanar da kansa, ya kwance rakor ɗin daga baƙin tiyon, ya jefa shi cikin bokitin fenti, ya nannaɗe tiyonsa ya mayar kafaɗa. Da Sango ya yi maganar, ya ce shi ba zai ɗaga uban Zulai zuwa wurin nan da wannan abu ba ko za a kore shi daga aiki. Baba ya ce, "To ni kuma in ɗaga uban wa? Kai ba ka da 'ya'ya ne?" Da aka kira magariba Tonton ya zauna ya sha kunu tare da mu, kunun da ɗuminsa, don ƙanƙara babu.

Washegari da sassafe Inna ta fito ta nufi bokitin shara na garejin, ta tono guntun tiyon ruwan goro, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta yafa mayafi ta ja hannuna. Tashar manyan motoci muka je wurin ƙanenta Kawu Ɗanjuma, direban da ke bin hanyar Douala. Ta danƙa masa guntun ta ce irinsa take so, tsawonsa kaza, kuma in ya kuskura ya kawo mata baƙi kada ya sake tako ƙofar gidanta. Ita ce fa jiya take cewa ko jaki albarka. Da muka dawo ta buɗe firizar ta share ta, ta koma suyar makara, wato fanke, a bakin titi, ta yi ta fama da hayaƙi da azumi a bakinta. Duk wanda ya yi tsaki a ƙofarmu daga ranar, da ita yake gamuwa, kuma bakin Inna ba a gamuwa da shi sau biyu.

Tiyon bai iso ba sai ana jibi Sallah, kakar ƙanƙara ta riga ta wuce mu. Baba ya ɗauko rakor ɗin nan dai da Tonton ya jefa a bokiti ya ɗaura. Rabin unguwa suka bi motar zuwa bakin layi. Baba ya shiga kwando, ya runtse ido, Tonton ya ɗaga shi a hankali har ƙarƙashin babbar wayar, ya tsayar, ya sauko da shi, ranar ko tsokana ɗaya bai yi masa ba. Sannan ya hau ya yi aikinsa. Bayan la'asar firizar Inna ta yi gurnani, teloli suka yi ta godiya kamar ba su ne masu tsaki ba.

Yanzu azumi ya sake zagayowa cikin zafi, kamar wancan. Inda rumfar Baba take shagon cajin waya ne, babura sun cika Koudoukou. Tiyo kuwa inji ke matse bakinsa, in ya fashe a jefar da shi har da rakor ɗin, wanda ya matse bai san fuskar wanda zai hau ba. Baba ya rasu a shekarun da gari ya rikice da faɗan Musulmi da Kirista, lokacin da tsallakawa daga Miskine zuwa wurinmu ta zama sai mai ƙarar kwana. Ba mu aika wa Tonton ba, don ba ma so ya zo. Amma ranar uku sai ga shi a zaure, da sanda, kansa fari fat, shi kaɗai. Inna ta fito tana kuka tana masa faɗa, me ya kawo shi, ko so yake a kashe shi a hanya. Ya zauna a kan tabarma ya cire hula, ya shafa furfurarsa ya ce, "Wannan furfurar ta Isa ce, ba don shi ba da ban kai ga ganinta ba. Na zo in nuna masa, na tarar ya riga ni hawa."

Har yau in na ga motar kwando a titi sai na tsaya na ɗaga kai, ba mutumin nake fara dubawa ba, launin tiyon nake nema.