Tashar Jirgin Attracta Mulkerrin

Attracta Mulkerrin ba ta taɓa sha'awar siyasa ba. Malamar firamare ce a tsibirinmu, mijinta Colm shi ne kansila. Da teku ta cinye shi a hanyar dawowa daga taro, tun ba a share makoki ba 'yan jam'iyya suka zo suka ce ta hau kujerarsa, ai jama'a za su tausaya mata. Ta karɓa ne don abu ɗaya: a gina mana tashar da jirgi zai iya tsayawa ko da ruwa ya yi fushi.

Ta daɗe a majalisar gunduma tana nanata wannan magana, har in ta miƙe sai a fara raɗa, ga Uwar Tasha nan. Babu jana'izar da ba ta zuwa, babu ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba. Daga baya ta ci zaɓen majalisar ƙasa, muka hura wuta a kan tudu, muka raka ta da kiɗa har bakin ruwa.

A Dublin, babban birnin ƙasa, ta tarar ba mai sauraronta. Sai wata shekara gwamnati ta matsu da ƙuri'a guda a kan dokar rufe ƙananan makarantu. Aka ce mata in ta ɗaga hannu tasha ta samu, kuma ba za a taɓa makarantar tsibiri ba. Ta ɗaga.

Kafin simintin tashar ya bushe an rufe makarantar. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, wasu birnin Galway, wasu can ƙetare Boston. Ranar buɗe tasha, tsoho Festy masunci ya dube ta ya ce, "Aiki ya yi kyau, 'yar nan. Sai dai wa zai sauka?"

A zaɓe na gaba ta faɗi, jam'iyya kuma ba ta sake nemanta ba.

Yanzu tana gidan tsofaffi a garin Castlebar. Bara na je gaishe ta, ta riƙa tambayata mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, ina ce mata wannan ya rasu, wancan ya ƙaura, har ta gaji ta daina tambaya. Na ce in iska ta lafa zan kai ta ta ga gida. Ta gyara bargo a gwiwarta ta ce in bar shi kawai, jikinta ba ya jure jirgi yanzu.