Ban Ajiye wa Baba Waya Ba

A ƙarshen shekarun tamanin na sa waya a shagona da ke Ƙwanni, kuma ba don ado na sa ta ba. Sana'ata albasa ce. Ina saye a hannun manoman Galmi da ƙauyukan Malbaza lokacin da take da arha, in zuba a rudu, bukkar da iska ke ratsawa ta ƙasa da sama, in jira damina ta yi nisa kasuwa ta tashi, sannan in loda a gingimari zuwa Abijan. Albasa ba ta da haƙuri. Idan ka tura mota a makon da kasuwa ta cika, a can za ta ruɓe. Idan ka riƙe ta ya wuce kima, a nan za ta ruɓe. Wanda ya san halin kasuwa kafin ya loda shi ne ya ci, shi ya sa na yi ta zarya a buro, wato ofishin gidan waya, har aka ja mini layi.

A Abijan kayana a hannun mutum ɗaya suke sauka. Dattijo ne ɗan Tsarnawa, abokin mahaifina tun suna samari, ya daɗe a can har ya mallaki sito a bakin kasuwa. Baba nake kiransa. Ni da dako na fara, buhun wasu nake ɗauka a Galmi, kuma ranar da na haɗa motata ta farko babu wanda ya yarda ya karɓi kayana sai shi. Baƙo ba ya sayar da albasa a kasuwar can sai da mai masauki. Shi ke sauke kaya, shi ya san wa za a ba wa kuma ba za a ba ba. Idan ya rufe maka sitonsa, sauran masu masauki ma sai su fara tambayar me ka yi.

Baba ba shi da waya. Wani mai shago kusa da sitonsa ke da ita, idan na buga sai a je a kira shi, ya zo ya tsaya cikin mutane ya yi magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren gulbi.

Layinmu kuwa, ga yadda yake. Ka ɗaga, ka gaya wa mai haɗa layi inda kake so, ka ajiye, ka jira. Wata rana kafin ka gama shan shayi an haɗa ka, wata rana daga hantsi har la'asar. In an haɗa, da rani yakan ɗan jure. Da damina kuwa, da zarar hadari ya haɗu ko da a Tsarnawa ne, sai ka ji kamar ana soya wani abu a kunnenka, sai kuma tsit. To, damina ita ce lokacin da nake bukatar sa.

Maganarmu da Baba tana da tsari. Sai mun gaisa tukuna, gida da iyali da gajiya da ruwa. Sannan in tambayi kasuwa ya gaya mini. Daga nan sai ya shiga abin da ya fi so, labarin mutanen gida da nasiha da tambayar wa ya yi aure wa ya gina ɗaki. Layin kuwa iyakar ƙarfinsa kenan, a nan yake mutuwa. Sau da yawa haka ta faru, har Baba ya fara yi mini ba'a mai ɗan kaifi, wai wayata tana da wayo, da ta ji farashi sai ta yi barci. Na ce masa layi ne. Ya ce a Abijan mutane na kwana kan waya ba ta yankewa. Na yi dariya, na ɗauka ya wuce.

Wata Laraba cikin watan da gero ke fidda kai, muka gaisa, ya gaya mini kasuwa ta yi kyau in shirya mota. Sai muryarsa ta sauka, ya ce akwai kuma wata magana, Allah ya yi wa ƙanensa rasuwa. Na buɗe baki in ce Allah ya jiƙansa, sai suyar nan ta taso, sai tsit. Na buga, na sake bugawa. Mai haɗa layi ya ce Yamai ma ba ta samuwa balle Abijan. Haka muka wuni, haka muka kwana, mako ya juyo layi bai dawo ba.

Na ba wani direba da zai tafi saƙon ta'aziyya da bayanin abin da ya faru. Da ya dawo bai shigo shagon ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce Baba ya ce ya ji. Ya ce kuma a gaya mini, a gaban mutane ya tsaya riƙe da waya yana ta kiran sunana, har mai shago ya karɓe ta daga hannunsa. Wai yaron da ya ji farashi ya ajiye waya a kan labarin mutuwa, ya nemi wani sito.

Albasata tana rudu, ruwa na zuba, kullum sai an juya ta an tsince wadda ta fara laushi, kuma kullum tulin da ake zubarwa ƙaruwa yake. Abokan sana'a suka ce in hau mota in je in durƙusa in ce na tuba. Na ce ta'aziyya zan je in yi ko a ƙafa ne, amma tuba ba zan yi ba. Duk ranar da na ce a yafe mini, na amsa kenan cewa na ajiye wa abokin ubana waya a kan gawar ƙanensa, kuma wannan sunan zai bi ni har 'ya'yana. Wanda ya yanke maganar shi zai faɗa.

Na tafi wurin shef ɗin gidan waya. Mutum ne mai tsabta, kullum rigarsa a goge, ba ya zagi amma ba ya kallon mutum in yana magana. Na gaya masa abu ɗaya nake so, in layi ya dawo ya gaya wa dattijon nan da bakinsa cewa wayar ce ke yankewa da kanta. Ya ce shi ba a ɗauke shi aiki don sasanta 'yan albasa ba. Ya ce layin lafiyarsa lau, mu ne ba mu iya waya ba, muna ɓata lokaci da ina gida ina yara, da za mu faɗi abin da ya kawo mu kai tsaye da ba mu sha wahala ba. Na ce masa ni ban san ana sayar da layin da ba ya ɗaukar gaisuwa ba, da an gaya mini tun farko da ban saya ba.

Ana cikin haka aka aiko cewa darakta zai zo daga Yamai, yana son ganin duk masu waya na gari, mu da suke kira abone. Aka shimfiɗa tabarmi aka jera kujeru a farfajiyar buro. Ba mu da yawa a lokacin, 'yan kasuwa ne da masu motoci da wasu ma'aikata. Darakta ya yi jawabi da Faransanci, ya maimaita da Hausa, don Bahaushe ne ɗan gabas. Ya ce ya zo ya ji daga bakinmu yadda wayar take.

Kowa a wurin nan na san abin da yake faɗa a shagonsa. Akwai mai motocin siminti na Malbaza da ya taɓa rantsuwa a gabana sai ya jefa tasa a rijiya. Amma baƙo ya zo daga nesa, ya zauna, ya tambayi lafiya. Me za a ce masa? Na farko ya ce sai godiya. Na biyu ya ce alhamdu lillahi, ana ta amfana. Mai simintin ya ce Allah ya ƙara wa gwamnati ƙarfi. Shef na gefe yana gyaɗa kai.

Da aka zo kaina na miƙe. Na gaishe da darakta yadda ya kamata, na yi masa ban gajiya, sannan na ce:

"Ranka ya daɗe, ni ban gode ba. Wayarku ba ta aiki. Duk waɗanga da suka ce sai godiya, kunyar baƙo suka ji. Ni ma ina da kunya, amma wayarku ta riga ta zubar mini da ita a Abijan."

Wani ya ja mini riga ta baya. Ban zauna ba, na ba da labarin daga farko har ƙarshe. Shef ya sunkuya ya yi wa darakta magana da Faransanci. Darakta ya ce to, a tashi a je shagon a ga wayar da ido.

Muka tafi a ƙafa, jama'a na biye. Na ɗaga waya na nemi Abijan. Ban gama gyara zama ba ta yi ƙara. Muryar mai shagon can ta fito garau kamar yana bayan buhunan. Tunda aka ja mini layin ban taɓa jin sa haka ba. Shef ya yi murmushi ya dubi darakta, mutane suka fara 'yar dariya, na ji wani yana cewa yau ɗan albasa ya kwashi kunya.

Ni kuwa lissafin da nake yi daban ne. Baba ya daina zuwa in an ce ni ne. Sai na ce wa mai shagon ya je ya gaya wa dattijo babban daraktan waya na Yamai yana tsaye a Ƙwanni, ana son sa a layi. Ban yi ƙarya ba, yana tsaye. Can na ji takun takalmi da tarin da na sani. Na miƙa wa darakta kan wayar. Ya ɗaga hannu ya ce ba sai ya karɓa ba, ya ji da kunnensa layi na aiki. Ban mayar da ita mazauninta ba. Na ɗora ta a kan buhun da ke tsakanina da shef, bakinta na kallon sama.

Na ce wa shef ashe layin ya iya aiki, baƙo yake jira. Ya amsa da Faransanci. Na ce ban shiga lakwal na koyi Faransanci ba, ya faɗa da Hausa kowa ya ji. Na ce tunda layi lafiya lau yake, to shi ke sa a yanke mini da gangan, kuma ina so ya faɗi a gaban maigidansa me na yi masa. Na san ba haka ba ne. Na kuma san mutumin da ke goge rigarsa kullum ba zai iya haɗiye wannan a gaban jama'a ba.

Bai haɗiye ba. Muryarsa ta tashi har ta kai bakin titi.

"Kai wane ne da zan yanke maka? Kai kaɗai take yanke wa? Ta kumandan mai mulkin garin nan ma yankewa take, ta likita ma haka. Gara ta cinye turaku, ruwa na shiga waya, hadari ya taso ko'ina ne layin duk garin nan mutuwa yake. Sau nawa na kai kuka Yamai? Jiya ma kwana muka yi muna ɗaure-ɗaure don zuwan darakta."

Ya yi shiru, don ya tuna wa ke tsaye kusa da shi. Darakta ya dubi ƙasa. A cikin shirun sai aka ji wata 'yar murya daga kan buhu tana ta sallama. Na ɗauka.

Baba ya ce, "Wa ke wanga ihu?"

Na ce, "Shef ɗin gidan waya ne, Baba."

Ban jira ya sake magana ba, don ban san iyakar ƙarfin ɗaurin da suka yi ba. Na ce Baba, ya haƙuri. Na yi masa ta'aziyyar nan tun daga farko, ban rage komai ba, na yi wa mamaci addu'a, na tambayi matarsa da 'ya'yansa, na tambayi inda aka yi jana'iza. Mutanen da ke shagon da suka ji ta'aziyya ce sai dariya ta ɗauke, hannuwa suka tashi, ana ta amin. Darakta da kansa ya miƙo hannu ya karɓi wayar ya yi wa Baba gaisuwa. Shef ma ya shafa fatiha, fuskarsa a ɗaure.

Da wayar ta dawo hannuna Baba ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Sannan ya ce kasuwa ta ɗan sauka amma ba ta faɗi ba, in tsince mai kyau in turo kafin Juma'a.

Darakta ya koma Yamai, ban san abin da ya faɗa a can ba, kuma turaku ba a canza su ba sai bayan shekaru. Wayata kuwa washegari ta mutu, ta maƙwabta na aiki tawa shiru, kuma duk lokacin da na aika sai a ce mai gyara ya fita. Mutane suka sake zuwa da shawara, wannan karon wai shef zan je in ba haƙuri, in haɗa da buhun albasa. Na ce albasata ta sayarwa ce. Na rufe wayar da ƙyalle na ci gaba da harkata, in ina son Abijan in bi layi a buro kamar kowa, in gaishe da shef in ya wuce, ya amsa ko kada ya amsa. Sai da aka yi girbi aka gama suka ga dama suka maido mini da ita.

A Alhamis ɗin makon da darakta ya zo muka loda. Abin da ya ruɓe ya ruɓe, amma abin da ya saura ya cika mota. Na bar rudu a hannun ƙanena na shiga gaba kusa da direba, don ta'aziyyar waya ba ta isa ba a kan mutum irin wannan. Da muka isa Abijan na tarar an share gefen sito na kusa da ƙofa. Baba yana zaune kan tabarma, ya matsa ya ba ni wuri. Bai ce ya zarge ni a banza ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba. Muka yi addu'a, aka kawo ruwa na sha, sannan ya ɗaga murya ya ce wa 'yan dako su sauke kayan ɗansa.